Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya da Ba a Ji Ba

Litinin, 6:40 na yamma

Hukuma ta ce kunnuwana suna zubar da gawayi. Hukuma ita ce matata, shekara ashirin da uku ina ƙarƙashin mulkinta ban taɓa ɗaukaka ƙara ba. Na duba madubi na ga gaskiyarta. Soson hedifon ɗina ya tsufa, fatarsa tana ɓarɓashewa, duk wuyan rigar da na sa sai ya kwashi baƙin gari. Irin mai rufe kunne gaba ɗaya ne, nawa na kaina, shekara tara muna tare, don wanda ofis ke bayarwa ya fi kama da abin wasan yara. Yanzu ya saki. In na sunkuya ɗaukar biro sai ya zamo ya zauna mini a goshi. Kiɗa kuma ya koma kamar ana bugun gwangwani. Kaurin nan na ƙasa da ke dukan mutum a ƙirji, wanda masu gyara ke kira bes, ya tafi ko sallama babu.

Ba don kiɗa kaɗai na damu ba, da shi nake cin abinci. A kamfaninmu na rarraba kaya ni ne mai mayar da taro takarda. Manya su zauna awa biyu na'ura tana ɗaukar muryarsu, ni kuma in shiga ɗan ɗakina kusa da injin kwafi, in saurara, in buga, a sa a fayil, kowa ya huta. Inda magana ta ɓace, ƙa'ida ita ce in rubuta (ba a ji) in wuce. Na karanta littattafai fiye da yadda ya kamaci mai albashi irin nawa, ga shi na ƙare ina buga "Darakta ya yi tari."

Ba zan rubuta komai a kan sito na biyu ba. Ba zan rubuta kantar ƙarfen da ta rufto ranar Laraba ba, ko ɗan dakon da aka zaro daga ƙarƙashin buhuna. Wannan littafi na hedifon ne.

Talata, 5:20 na yamma

Na biya ta shagon Injiniya. Ba injiniya ba ne, mai gyaran rediyo ne, amma tun muna samari yake amsa sunan, ba wanda ya taɓa neman ganin takardarsa. Ya juya hedifon ɗin da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Malam, wannan ba gyara yake so ba, sutura yake so."

"Kai ma haka likita ya ce maka bara, ga ka nan kana cika wa mutane kunne."

Ya yi dariya, sannan ya gyara zama ya ba ni lacca. Wai bes iska ce a kulle. In soso ya manne da fata ta ko'ina, iskar ba ta da wajen gudu, dole ta bugi kunne. In kuwa akwai ƙofa, ko ta allura ce, ta nan za ta sulale, a bar mutum da ƙarar sama-sama. Ya ce zai nemo mini sabon soso mai fata, in dawo Juma'a. Sakin da ya yi kuma, kada in kuskura in lanƙwasa ƙarfen da hannu, karyewa zai yi. In samu abin da bai kai kaina faɗi ba, in ɗora shi a kai, in ɗaure da roba, ya kwana biyu a haka.

Na maimaita wa Hukuma. Ta ce ai duk gidan nan babu abin da ya kai kaina faɗi, in zaɓi wanda na ga dama. Na zaɓi ƙamus da wani tsohon littafin tarihi. Karon farko ke nan da ƙamus ya yi wa wani amfani a gidan nan ba tare da gardama ba.

Laraba, 1:15 na rana

Mako ɗaya yau. Ɗan dakon yana asibiti. An ce yana motsa yatsu.

Alhamis, 6:05 na yamma

Hedikwata ta kafa kwamitin bincike, mutum uku, za su zauna Litinin ta sama. An dakatar da Mai Sito tun jiya. Da safe Sakatariya ta kawo mini takarda: kwamiti yana son rubutaccen bayanin taron da aka yi wata biyu da suka wuce. Na ciro shi. Ni na buga shi, ga sa hannuna a ƙasa.

Mai Sito: Ƙafafun kantar sito na biyu sun fara lanƙwashewa. Ina roƙon a sauke kaya a kira mai walda.
Darakta: (ba a ji)

Daga nan taro ya koma kan fentin ƙofar shiga, wanda ya ci shafi biyu da rabi, kowace kalma an ji ta tangararan.

Darakta ya ce a wannan gurbin ya ba da umarni a sauke kayan a ranar, Mai Sito ne ya yi sakaci. Mai Sito ya ce ba haka aka ce masa ba. Sauran da suka zauna taron duk sun kamu da mantuwa a rana ɗaya, kamar mura.

Ya kamata in rubuta wannan sau ɗaya, ko don littafin ya san da wa yake zaune. Darakta yayan Hukuma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A ofis Yallaɓai, a gida Yaya. Shi ya samo mini aikin nan lokacin da makarantar da nake koyarwa ta rufe. Yana magana ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, irin ta mutanen da suka san ba sai sun ɗaga murya ba kowa zai matso. In an bincika fayilolina, babu sunan da (ba a ji) ta fi bi kamar nasa. Ban taɓa ɗaukar haka a bakin komai ba. Na ɗauka haka Allah ya yi shi.

A tashar mota na haɗu da Mai Sito. Siririn mutum ne mai siririyar murya, shekara goma sha bakwai yana riƙe da makullan nan. Yau hannunsa yana ta shiga aljihu yana neman su.

"Malam, na'ura ta ɗauka, ko?"

"Ta ɗauki abin da ta ɗauka."

"To alhamdu lillahi. Ita na'ura ba ta da suruki."

Yana faɗa ya kama bakinsa, ya shiga ba ni haƙuri. Na ce ba komai. Motarsa ta zo, tawa ta zo, na bar tawa ta wuce.

Juma'a, 11:30 na safe

Soso ya zo. Injiniya ya sa shi, ya ɗora mini a ka. Ƙamus ya yi aikinsa, yanzu hedifon ya kama kai kamar hannun ungozoma. Ya kunna mini kiɗa. Na ce ya fi da. Ya ce "ya fi da" ba magana ba ce a shagonsa. Ya zagaya ni sau biyu yana leƙe, sai ya buga tsaki.

"Shekara nawa kana sa tabarau?"

"Goma sha wani abu."

"Kuma da shi kake aiki?"

"A'a, da hanci nake karatu."

Ya miƙa hannu ya zare mini tabarau. Wallahi sai da na dafa teburinsa. Ganga ta shigo mini har cikin haƙarƙari. Ashe ƙafafun tabarau, waɗanda ke bi ta gefen kai su hau kunne, su ke ɗaga soson, su buɗe wa iska ƙofa biyu, dama da hagu. Shekara tara ina zargin hedifon, ashe ɓarawon a fuskata yake zaune.

"To da me zan ga abin da nake bugawa?"

"Ka zaɓa, Malam, ido ko kunne. In ka matsa sai duka biyun, ɗaga ƙafafun su hau saman soso. Za ka yi kama da mahaukaci, amma za ka ji."

Na koma ofis da murnata. Har Sakatariya na ba ta ta gwada, na yi mata laccar Injiniya kamar ni na ƙirƙiro ta.

Juma'a, 3:50 na yamma

Na buɗe muryar taron, don kawai in gwada soso. Na ajiye tabarau a kan tebur.

Gurbin da na rubuta (ba a ji), daƙiƙa goma sha ɗaya ne.

Na saurara sau bakwai.

Hedifon ya yi kyau ƙwarai. Injiniya ya iya aikinsa.

Asabar, 10:00 na safe

Ga abin da na koya, ko wani zai amfana. Soso mai fata ya fi na yadi riƙe iska, sai dai yana sa gumi. A riƙa goge shi da ɗan tsumma bayan aiki, gishirin gumi ne ke cin fatar. Kada a bar gashi ko bakin hula su shiga tsakanin soso da kai. A sauko da ƙarfen saman har kunne ya zauna a tsakiyar ramin, ba a gefe ba. Wanda yake son ya san ko akwai ƙofa, ya danna ɓangarorin biyu da tafin hannu yana sauraro. In sauti ya ƙara kauri, to da ma iska tana gudu. In bai canza ba, ya zauna daidai.

Nawa ba ya canzawa. Na danna, na saki, na danna. Abin da ke ciki yana nan yadda yake.

Na sake ɗaure shi a kan ƙamus, ko da yake ba ya bukata. Hukuma ta tambaye ni ko ɗaurin rai da rai na yanke masa.

Lahadi, 5:30 na yamma

Yaya ya zo. Rabon da ya tako gidan nan tun ina jinyar ƙafa, shekara biyu ke nan. Ya zo da ledar lemo, ya bar direba a waje. Hukuma ta rasa inda za ta sa shi don murna, ta shiga kicin tana ta ƙarar kofuna. Ya zauna a kujerata. Hedifon yana kan tebur a gabansa, ɗaure da littattafai.

"Sakatariya ta ce ka yi sabbin kunnuwa."

"Soso ne kawai, Yaya. Tsohon ya mutu."

Ya ja robar da yatsa, ya sake ta, ta yi ƙara.

"Shekara nawa ya rage maka ka huta? Uku?"

"Biyu da rabi."

"Kusa ne. A irin shekarunmu mutum ya riƙa tausaya wa kunnensa. Jin abu da yawa yana kawo ciwon kai." Ya yi murmushi. "Takardar nan da kwamiti ke so, ai tana nan yadda ka buga ta?"

"Tana nan."

"Madalla. Aikinka ba ya bukatar gyara, kullum ina faɗa."

Hukuma ta shigo da shayi, suka shiga hirar wata gwaggonsu mai ciwon gwiwa. Na zauna ina kallon bakinsa. Babu soso, babu roba, amma ko harafi ɗaya bai ɓace mini ba.

Ya tafi. Bari in rubuta abin da ya faɗa a taron nan, tunda takarda ba ta da ƙanwa a gidan kowa:

"Na ji. A bar ta haka. A ƙara mata kayan da ke zuwa Asabar, in sun fita a duba."

Shi ke nan. Daƙiƙa goma sha ɗaya, har da jan numfashi.

Litinin, 1:00 na rana

Na buga taron sayen taya. Kowa ya yi magana da ƙarfi.

Talata, 9:10 na safe

An cire sunan wanda ke asibiti daga jadawalin 'yan dako. Ba a sake buga takardar ba, farin ruwan gogewa aka shafa, ana iya ganin harafin farko ta ƙasa. Ba wanda ya yi sanarwar rasuwarsa. Masu lodi sun tsaya cirko-cirko a bakin sito na ɗan lokaci, sai mota ta shigo da baya.

Laraba, 6:15 na yamma

Sanarwa ta fito, kwafi ga kowa, amma mutum ɗaya ta shafa a duk ginin: daga yau an hana amfani da kayan sauraron da ba na ofis ba a bakin aiki, saboda tsaro. Sakatariya ta kawo mini na ofis a cikin leda, irin ƙananan nan da ake cusawa a kunne, waya siririya kamar zaren ɗinki. Ba ta kalle ni ba.

"Malam, ni fa hira kawai na yi. Yallaɓai ne ya tambaye ni me ke sa ka fara'a."

"Na sani, 'yar nan. Ni na yi laccar."

Da rana Mai Kwamfuta ya zo ya zauna a kujerata minti ashirin, wai yana share tsofaffin abubuwa don injin ya yi sauri. Injin ya yi sauri ƙwarai. Duk muryoyin tarukan da suka wuce wata ɗaya sun tafi.

Abin da bai sani ba, kuma ban ga dalilin ɗora masa nauyin sani ba, shi ne injin kwafin da ke maƙwabtaka da ni yana ƙara kamar jirgi, don haka shekara da shekaru nake kwashe aiki a filash in ƙarasa a gida. Ba wayo ba ne. Da na san abin da ke ciki, ƙila da na yi wayon mantawa da shi.

Alhamis, 12:40 na rana

'Yan sanda sun je gidan Mai Sito da safe. An ce tambayoyi ne kawai. An ce ya tafi da silifas.

Alhamis, 6:30 na yamma

Tambayoyin ba su ƙare ba.

Juma'a, 5:45 na yamma

Na buga shafin sau biyu a gida. Ɗaya yadda yake a fayil. Ɗaya da layi biyu a gurbin (ba a ji) ɗin nan. Na ajiye su gefe da gefe. Bambancinsu bai kai faɗin yatsa ba. Na karanta labaran mutanen da suka tsaya a gaban sarakuna suka faɗi gaskiya, kuma na lura marubutan ba sa faɗin inda matan mutanen suka kwana bayan nan, ko wa ya ci gaba da gaishe su.

Ba wanda zai kama ni da ƙarya in na miƙa na farko. Ranar da na buga shi ban ji ba, Allah ya sani. Gaskiya ce ta wata biyu da suka wuce. Sai dai ta lalace a hannuna kamar madara.

Na biya wajen Injiniya don in ji wata magana daban. Bai yi mini tsiya ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Ya rage ƙarar rediyo.

"Wani ya zo jiya, mai takalmi mai ƙyalli. Yana tambaya ko kana kawo mini murya in gyara maka, in ƙara wani abu ko in rage."

"Ka ce masa me?"

"Na ce soso na sa, soso kuma ba ya magana. Malam, me ka jiyo?"

"Ganga."

"To ka yi hankali da gangar nan. Mutumin bai sayi ko batir ba."

Asabar, 4:20 na yamma

Hukuma ta same ni a falo da hedifon a ka, wayarsa tana lilo a ƙasa ba a haɗe da komai ba.

"Wa kake sauraro, Malam, aljanu?"

Na ce ina gwada matsi ne. Ta zauna a hannun kujera, abin da take hana kowa yi.

"Tun ranar da Yaya ya kawo lemo ba ka cinye abinci ba. Ni na san yayana. Ba ya kawo lemo don Allah."

Na yi niyyar in yi mata wasa, wasan bai zo ba. Na kawo kwamfuta, na gaya mata abin da Mai Sito ya roƙa a taron, da abin da Yaya ya ce ya amsa, da inda Mai Sito yake kwana tun Alhamis. Na ce ba dole ta ji ba. Ta miƙo hannu.

Na ce ta cire 'yan kunne, ta tura ɗankwali baya, kada ya shiga ƙarƙashin soso.

"Yau kuma kai ne hukuma?"

Amma ta cire. Ta rufe ido. Na ga lokacin da siririyar muryar Mai Sito ta ƙare, don girarta ta motsa. Daga nan fuskarta ba ta sake motsi ba. Sau ɗaya ta ji. Ta sauke hedifon, ta naɗe wayar a hankali, zagaye bayan zagaye, kamar za ta mayar wa mai shi.

"Shi ne."

Ta ajiye hedifon a cinyarta, ta ci gaba.

"Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ina aji uku na yi zazzaɓi, a bayansa ya goya ni har asibiti, babu takalmi a ƙafarsa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba, labari ka ji." Ta juyo ta dube ni. "Wanda ya rasu, yana da iyali?"

"An ce 'ya'ya huɗu."

Ta tashi ta ɗauko lemo ɗaya daga ledar, wadda ba wanda ya taɓa tun Lahadi. Ta duba takardu biyun da ke kan tebur, ta karanta kowace har ƙasa. Ta ja ɗaya gabanta ta fere lemon a kanta, ta tattara ɓawon a ciki, ta dunƙule, ta kai kwandon shara. Lemon kuma ta bar shi a faranti, ba ta sha ba, ba ta ba ni ba.

Daga kicin ta ɗaga murya: "Wace riga za ka sa ranar Litinin? Kada ka je wa mutane a yamutse."

Lahadi, 2:00 na rana

Ba ta yi magana ba yau, in ban da "ga ruwa" da "matsa."

Litinin, 4:30 na yamma

A ɗakin taro aka zauna, ɗakin da aka yi maganar. Shugabar kwamiti lauya ce daga hedikwata, mace mai ƙaramin jiki da tabarau masu kauri, da maza biyu a gefenta. Yaya yana ƙarshen tebur, a kujerarsa ta kullum. Mai Kwamfuta ya yi bayani cikin alhini cewa muryar taron ta salwanta wajen gyaran inji. Sai aka kira ni in tabbatar da takardata.

Na miƙa wadda ta tsira daga lemo. Shugaba ta karanta, ta ɗago.

"Wannan ba ita ce ke cikin fayil ba."

"Ba ita ba ce, ranki ya daɗe. Waccan da tabarau na buga ta."

Ɗaya daga cikin mazan ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya daina. Na ajiye filash a kan tebur.

Aka sa a kwamfutarta, aka kunna ta ƙaramar lasifikar jikinta. Muryar Mai Sito ta fito tsaf. Bayanta sai wani gurnani kamar na firji. Aka ƙure ƙara, firjin ya ƙara girma. Yaya ya buɗe tafin hannuwansa biyu, ya bar gurnanin ya yi magana a madadinsa.

Na ciro hedifon daga jaka. Sakatariya, da ke rubutu a gefe, ta sunkuyar da kai. Shugaba ta karɓa ta ɗora a kan tabaranta, ta saurara, ta girgiza kai.

"Akwai murya, amma ban rabe kalmomi ba."

A rayuwata ban taɓa ba lauya umarni ba.

"Ranki ya daɗe, ki cire tabarau. Ki danna da tafin hannu ta gefe biyu."

Ta dube ni tsawon lokacin da ya isa a kore ni sau biyu. Sannan ta cire, ta ninke, ta ajiye. Idanunta ƙanana ne, gajiyayyu. Ta danna. Na ƙirga a zuci har goma sha ɗaya. Ta ce a mayar. Ta sake cewa a mayar. A karo na uku ta jawo takardata tana bin layin da yatsa, hancinta kusan a kan takardar. Ta miƙa wa na damanta hedifon ba tare da ta kalli ƙarshen tebur ba.

Yaya ya ce, a hankali, ai yanzu ana iya haɗa kowace irin murya, kuma abin takaici ne mutum ya rama alheri da haka. Ta ce za a tura filash hedikwata masana su duba, in haɗi ne za a sani, wanda ya haɗa kuma zai yi bayani a inda ya dace. Ta sa na sa hannu a ƙarƙashin layi biyun, da kwanan wata, da lokaci. Sannan ta sa hedifon ɗina a babbar ambulan, ta liƙe, ta rubuta lamba a kai. Wai shi ma shaida ne. Kwana goma kacal na more sabon soso.

A baranda Yaya ya wuce ni, ya ɗan tsaya daidai kafaɗata, yana gyara hannun riga.

"Ka gaida ƙanwata."

Talata, 11:00 na safe

Takarda ta same ni a kan tebur: in tafi hutu har sai an neme ni. Ba a faɗi dalili ba, an dai yaba da ƙwazona. Mai gadi, wanda shekara biyu ke nan kullum yake tambayata lafiyar ƙafa, yau ya tsaya duba wani abu a cikin littafinsa har na fita.

Laraba, 6:10 na yamma

Mai Sito ya kwana a gidansa jiya. Beli ne, ba a wanke shi ba tukuna, sai sakamako ya dawo daga hedikwata, mako biyu ko uku ko yadda suka ga dama. Ya kira ni ya yi ta addu'a, na ce masa ya ajiye sauran sai mun ga ƙarshe.

Hukuma 'yan'uwanta shida ne, ban da 'ya'yansu da matansu. A gidan nan wayarta ba ta minti talatin ba ta yi ƙara ba: wannan yana neman shawara, waccan tana kawo ƙarar miji, gwaggo tana ba da rahoton gwiwa. Shekara ashirin da uku ina gunaguni a kan haka. Tun Litinin da yamma ba ta yi ƙara ba, ko sau ɗaya.

Ɗazu ina zaune ina riƙe da littafi, na gan ta ta ɗauki wayar ta duba ko a kashe take. A kunne take. Ta kife ta a kan tebur, ta ce in taso in ci abinci kafin ya huce.